Bikin Kiɗan Jaz na New Orleans: Tarihinsa da Darasinsa Gare Mu

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. A wannan maƙala za mu waiwayi tarihin bikin kiɗan jaz na birnin New Orleans da ke ƙasar Amurka, domin mu ga abin da ya raya shi fiye da shekara 50. Wannan kiɗa ba baƙo ba ne a Arewa, domin a shekarar 1960 shahararren mabushin nan Louis Armstrong, haifaffen birnin, ya zo Kaduna har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello.

Tushen Al'amari

Faransawa ne suka kafa New Orleans a 1718, Amurka kuma ta saye yankin a 1803. A 1817 hukumar birnin ta keɓe wa bayi fili guda da za su riƙa taruwa ranar Lahadi, wanda ake kira Dandalin Kwango. A nan ne 'yan Afirka suka ci gaba da kaɗa ganguna da rawa da waƙa mai amshi irin ta gida. Daga haɗuwar wannan gado da kayan busa na Turawa da waƙoƙin coci ne jaz ya tsiro a farkon ƙarni na 20.

Kafa Bikin

Tun a 1962 manyan birnin suka nemi George Wein, wanda ya shirya bikin jaz na Newport a 1954, da ya yi musu irinsa. Abin bai yiwu ba, saboda dokokin wariyar launin fata sun hana baƙi da farare cuɗanya a taro ɗaya. Sai bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 hanya ta buɗe. A watan Afrilu na 1970 aka yi bikin farko a wancan tsohon dandali na bayi. Duk da halartar Duke Ellington da Mahalia Jackson, 'yan kallo ba su wuce kimanin 350 ba.

Amma Wein ya yi dabara. Ya ɗauki matasa biyu, Quint Davis da Allison Miner, suka bi unguwa-unguwa suna zaƙulo makaɗan gida. Haka suka gano Professor Longhair, gwanin piyano da duniya ta manta da shi har ya koma shara a wani kantin faifai. Wasan da ya yi a bikin 1971 ne ya dawo da sunansa. A 1972 aka koma filin sukuwa na birnin, kuma a 2001 mahalarta sun kai kimanin 650,000.

Jarrabawa

A watan Agusta na 2005 guguwar Katrina ta sa ruwa ya ci kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin, makaɗa suka watse. Duk da haka an yi bikin a 2006. Annobar korona ce kawai ta tsayar da shi a 2020 da 2021. Sai dai bai tsira daga suka ba: akwai masu kukan tsadar tikiti, da yadda taurarin waje ke danne makaɗan gida.

Kammalawa

A ganinmu, sirrin ɗorewarsa shi ne mallakar wata gidauniya ce mai zaman kanta, wadda ke mayar da riba ga koyar da yara kiɗa kyauta. Mu kuwa, bikin Argungu da ya faro a 1934 ya tsaya cik bayan 2009, bai dawo ba sai 2020. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Wane taro ne na shekara-shekara ke renon magadansu?

A nan Kontagora muna da makaɗan fadar Sarkin Sudan, da masu kalangu da goge, da makaɗan Kambari a ƙauyukanmu. Wajibi ne ɗalibanmu su bi su gida-gida, su naɗi muryoyinsu, mu kuma malamai mu samar musu da dandali tun suna raye. Da rarrafe yaro kan tashi.