Yadda gwajin DNA ya sauya binciken manyan laifuka

Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da 'yan sanda da kotuna ke dogaro da su wajen gano masu laifi, da kuma wanke waɗanda aka zarga bisa kuskure.

Kusan kashi 99.9 cikin ɗari na DNA ɗin bil'adama iri ɗaya ne. Ɗan bambancin da ya rage shi ne masana ke aunawa domin tantance mutum, kuma in ban da tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, da wuya a sami mutum biyu da sakamakonsu ya zo daidai.

Ana samun DNA a jini da miyau da maniyyi da saiwar gashi, har ma da ƙashi.

Asalin fasahar

Farfesa Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester da ke Ingila ne ya gano hanyar a watan Satumba na 1984.

An fara aiki da ita a 1985, a wata taƙaddama ta shige da fice, lokacin da hukumomin Birtaniya suka yi shakkar ko wani yaro da ya komo daga Ghana ɗa ne ga matar da ta ce ita ta haife shi. Gwajin ya tabbatar da cewa ɗanta ne, aka bar shi ya zauna a ƙasar.

A 1986 'yan sandan yankin Leicestershire suka nemi taimakon Farfesan kan fyaɗe da kisan wasu 'yan mata biyu masu shekaru 15, ɗaya a 1983, ɗayar kuma a 1986.

Wani matashi mai shekaru 17 ya riga ya amsa laifin kisa na biyu, to amma gwajin ya nuna cewa mutum guda ne ya aikata laifukan biyu, kuma ba matashin ba ne.

Daga nan aka ɗebi jini da miyau na maza kimanin dubu biyar a yankin. Mai laifin, Colin Pitchfork, ya sa wani abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa, sai dai asiri ya tonu bayan da aka ji abokin yana ba da labarin. An kama Pitchfork a 1987, aka yanke masa hukuncin ɗaurin rai da rai a watan Janairu na 1988.

Sauye-sauye a ɗakunan gwaji

Hanyar farko tana buƙatar samfuri mai yawa, kuma takan ɗauki makonni kafin a sami sakamako.

Abin da ya sauya lamarin shi ne fasahar PCR, wadda Ba'amurke Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel a kanta a 1993. Fasahar tana ruɓanya ɗan ƙanƙanin DNA sau miliyoyi, ta yadda miyau da ke jikin guntun taba sigari kan iya wadatarwa.

A shekarun 1990 ɗakunan gwaji suka koma ga tsarin STR, wanda ke ƙirga yawan maimaituwar wasu gajerun sassa a zaɓaɓɓun gurabe na DNA. Gwargwadon yawan gurabe da aka auna, gwargwadon raguwar yiwuwar a yi kuskuren mutum.

Birtaniya ce ta fara kafa rumbun adana bayanan DNA na ƙasa a duniya, a watan Afrilu na 1995. Ta fara da gurabe 6, ta ƙara zuwa 10 a 1999, sannan 16 a 2014.

A Amurka, hukumar FBI ta buɗe nata rumbun na ƙasa a 1998 da gurabe 13, ta mayar da su 20 a 2017. A shekarar ce kuma aka kafa dokar da ta share fagen amfani da na'urorin da ke fitar da sakamako cikin ƙasa da sa'o'i biyu a ofisoshin 'yan sanda.

A Nijeriya, gwamnatin jihar Legas ta buɗe cibiyarta ta gwajin DNA a watan Satumba na 2017.

Matsaloli

Ƙarfin da sabbin na'urori ke da shi na gano ɗan ƙanƙanin DNA ya zo da nasa haɗarin, wato gurɓatar samfuri.

'Yan sandan Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mata da aka sami DNA ɗinta a wuraren da aka aikata laifuka kusan 40 a Jamus da Austriya da Faransa, ciki har da kisan wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007.

A watan Maris na 2009 aka gano cewa DNA ɗin na wata ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa tsinken audugar da ake ɗaukar samfuri da shi.

Haka kuma, samun DNA ɗin mutum a wani wuri ba ya bayyana lokacin da ya je wurin, ko abin da ya kai shi. Dalili ke nan da ya sa kotuna kan nemi ƙarin shaida.

Batun 'yancin jama'a

A watan Disamba na 2008 Kotun Kare Haƙƙin Bil'adama ta Turai ta yanke hukuncin cewa Birtaniya ta keta haƙƙin wasu mutum biyu, saboda ta ci gaba da ajiye DNA ɗinsu alhali ba a same su da laifi ba. Wata doka ta 2012 ta tilasta goge bayanan akasarin irin waɗannan mutane.

Muhawarar ta sake tasowa a 2018, lokacin da 'yan sandan jihar California suka kama Joseph DeAngelo, wani tsohon ɗan sanda, bayan sun bi sawun danginsa ta shafin intanet na GEDmatch, inda jama'a ke sanya bayanan DNA domin neman 'yan uwansu.

DeAngelo ya amsa laifin kashe mutum 13, aka kuma yi masa ɗaurin rai da rai a 2020. A 2019 shafin ya sauya ƙa'idarsa, ta yadda sai da amincewar mutum 'yan sanda za su iya duba bayanansa.