Guntun Gashi da Karatun Mata: Tarihin Wani Ado da Ya Dawo

Mu da neman abinci ya kai mu Legas da Abuja da Kaduna da Fatakwal, muna renon 'ya'ya a inda ado ke shigowa gida ta wayar hannu ba tare da ya yi sallama ba. A 'yan shekarun nan wani salo ya ja hankalin 'yan mata masu karatu: gashi guntu iya haɓa ko iya kunne, da tabarau, da tufafi masu launin ƙasa, da tsohon littafi a hannu, tamkar ɗalibar wata jami'ar Ingila ta shekaru ɗari da suka shige. Wasu iyaye na yi masa kallon fitsara, 'ya'yan kuwa na ganinsa alamar ilimi da natsuwa. Kafin gardama ta yi nisa a gidajenmu, ya kamata mu san inda abin ya samo asali, domin kowa ya san mafarin rafi ba ya tsoron zurfinsa.

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, macen Turai mai mutunci takan bar gashinta ya yi tsawo, ta naɗe shi a ka da allurai. Ba a cika rage wa mace gashi ba sai don ciwo, ko zaman kurkuku, ko shiga gidan ibada. A shekarar 1909 ne wani mai gyaran gashi ɗan ƙasar Foland da ke zaune a birnin Faris, Antoni Cierplikowski, wanda aka fi sani da Antoine, ya datse gashin 'yar wasan kwaikwayo Ève Lavallière, wadda ta haura shekara arba'in amma ake so ta fito a matsayin budurwa. Wannan aski shi ne Turawa ke kira bob. A Amurka kuma, wata shahararriyar mai rawa, Irene Castle, ta rage nata gab da za a yi mata tiyata a 1914, kafin shekara ta zagayo mata da dama sun kwaikwaye ta.

Abin da ya fitar da askin daga dandalin wasa zuwa titi shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918. Maza sun tafi fagen fama, mata suka cike gurbinsu a masana'antun harsashi, suka tuƙa motocin ɗaukar marasa lafiya, suka yi jinyar sojoji. Dogon gashi haɗari ne kusa da inji, kuma matattarar ƙwarƙwata ce a sansani. Da yaƙi ya lafa, da yawansu ba su koma ga tsohon adon ba, don rayuwarsu ma ba ta koma yadda take ba. Birtaniya ta ba wa wani rukuni na matan da suka kai shekara 30 'yancin jefa ƙuri'a a 1918, Amurka ta tabbatar da nata a 1920. A wannan shekara ta 1920 ce Jami'ar Oxford ta fara ba mata digiri, Cambridge kuwa sai a 1948. To a nan ne guntun gashi ya haɗu da littafi. Yarinyar da ke sammakon zuwa lacca ko ofis ba ta da sa'o'in da za ta ɓata gaban madubi, sai askin ya zama shaidar macen da ke da abin yi a waje. Har mafi gajartar samfurinsa ma, wanda Josephine Baker ta yi fice da shi a Faris daga 1925, da sunan makaranta aka kira shi, wato Eton, tsohuwar makarantar 'ya'yan manya maza da aka kafa a Ingila a 1440.

Kada mu ɗauka Turawa sun karɓi abin hannu bibbiyu. Limaman coci sun yi wa'azi a kansa, wasu manyan kantuna a Amurka sun ƙi ɗaukar masu shi aiki, masu gyaran gashin mata da yawa sun ƙi yin sa, har sai da mata suka riƙa bin layi a shagon askin maza. Marubucin Amurka F. Scott Fitzgerald ya gina wani gajeren labarinsa na 1920 kacokan a kan yarinyar da ta datse gashinta ta jawo wa kanta tsangwama. A Faransa, Victor Margueritte ya wallafa littafin La Garçonne a 1922, labarin budurwa mai guntun gashi da ke rayuwa yadda ta ga dama, kuma ƙurar da littafin ya tayar ta sa aka ƙwace masa lambar girmamawa ta ƙasa a 1923.

Inda lamarin ya fi muni shi ne ƙasar Sin. Bayan yunƙurin ɗalibai na ranar 4 ga Mayu, 1919, da kuma buɗe wa mata ƙofar Jami'ar Beijin a 1920, guntun gashi ya zama tambarin ɗaliba mai sabon tunani. A watan Disamba na 1927, lokacin da aka murƙushe tawayen 'yan gurguzu a birnin Guangzhou, an kashe mata da dama ba da wata hujja ba illa gashinsu guntu ne, aka ce ai alamar tawaye ke nan. Adon da yau ake ɗauka a hoto don nishaɗi, akwai waɗanda suka biya shi da rayukansu.

Daga baya askin ya yi ta ɓacewa yana dawowa. Audrey Hepburn ta farfaɗo da shi a fim ɗin Roman Holiday na 1953, Jean Seberg ta ƙara gajarta shi a 1960, Vidal Sassoon na Landan ya sabunta shi a 1963 ta yadda mace za ta wanke ta fita ba sai an naɗe mata ba. A nahiyarmu, mawaƙiyar Afirka ta Kudu Miriam Makeba ta zaga duniya da guntun gashinta yadda Allah ya halicce shi, ba ta miƙar da shi ba. Dawowarsa ta baya-bayan nan ta zo ne ta salon da ake kira Dark Academia, wanda ya ɗauki ruhinsa daga littattafai irin su The Secret History na Donna Tartt, na 1992, ya kuma bazu a TikTok a 2020. Abin lura shi ne, a daidai lokacin da annobar korona ta rufe makarantu ne matasa suka shiga yin shigar ɗaliban da. Kewar aji ce ta ƙara yaɗa adon.

Darasin da muke gani a wannan tarihi ɗaya ne: a ko'ina makaranta ce ta riga almakashi. Sai da mata suka shiga aji sannan askinsu ya samu sunan ilimi. Mu ma muna da irin wannan a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilimantar da matan karkara. Kowace jaji da ta tura koyarwa takan ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle. Duk garin da jaji ta shiga da ita akan ba ta wuri, saboda abin da ke cikin kan da ke ƙarƙashinta.

Hukuncin rage gashi ga mace magana ce ta malamai, kuma kowane gida ya san wanda yake tambaya. Haka nan kitsonmu na gado, su shuku da doka da zanen yawo, yana nan da masu yin sa, kuma sana'a ce da ke ciyar da gidaje a garinmu. Abin da ya rage mana shi ne, idan 'yarmu ta nuna sha'awar kama da masu ilimi, mu gane cewa ƙasan wannan sha'awa akwai abin da ya kamata a raya. Mu tambaye ta littafin da take karantawa kafin mu tambaye ta tsawon gashinta.

Sannan mu waiwayi gida. Yayin da 'ya'yanmu na birni ke zaɓar adon ɗalibai, akwai sa'o'insu a ƙauyukanmu da ke ɗauke da farantin talla a lokacin da ya kamata suna aji. Muna kira ga 'yan ƙungiya da su sa batun kuɗin makaranta da na jarrabawar 'yan matan gida a sahun gaba idan an zauna taron bana. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, amin.