Gulbi da Mulki: Yadda Fadama ta Raya Ƙasar Kabi da Kasuwar Jega

Tsofaffin daulolin duniya a bakin ruwa suka tsiro. A Masar, kogin Nilu kan cika duk shekara ya bar laka mai albarka, manomi ya girbi fiye da abin da gidansa zai ci. Rarar hatsin ce ta ciyar da maƙera, malamai da mayaƙa, ta kuma haifi masu karɓar haraji. A tsakanin Dijla da Furatu, inda Iraƙi take a yau, ambaliya ba ta da tabbas, don haka dokokin Sarki Hammurabi, wajen shekara ta 1750 kafin miladiyya, suka tanadi diyya a kan wanda ya yi sakaci da madatsarsa har ruwa ya ci gonar maƙwabci.

Ƙasar Kabi ma haka ta ginu. Damina a nan ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, amma gulbin Rima da na Zamfara kan malala su bar fadama mai damshi har cikin rani. Shinkafa, kifi da sufurin kwalekwale su ne ƙarfin da Muhammadu Kanta ya dogara da shi lokacin da ya ɓalle daga daular Songhai wajen 1516, ya kafa fadarsa a Surame, inda ganuwar dutse take har yau. Dausayin ya zama garkuwa, domin dokin yaƙi ba ya sukuwa a cikin taɓo.

Jega, wadda ke bakin gulbin Zamfara, ta kafu a shekarun 1820 a hannun Buhari, ɗan Malam Abdussalami na Gimbana. Mashigin ruwa da wadatar abinci suka sa ta zama zangon fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, kasuwarta ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Sakkwato. Albasar noman rani ta Aliero da shinkafar Maiyama duk a kan wannan gado suke.

Sai dai ruwan da ke bayarwa shi ne ke ƙwacewa. Madatsun Bakolori da Goronyo sun sauya lokaci da yawan ruwan da ke sauka a fadamun Rima. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, amma ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar, ta bar manoma da bashi.

Tun zamanin Hammurabi, da yadda ake tafiyar da ruwa ake auna mai mulkin kwarin kogi. Wa ke yanke shawarar sakin ruwan madatsa? Yaushe gargaɗi ke isa ga manomi? Wa ke mallakar fadama? Amsoshin nan su ne ma'aunin duk wanda ya zo neman ƙuri'a a Jega, Aliero da Maiyama.