Daga Paris zuwa Rum: yadda ake samun tikitin jirgi mai rahusa

Jama'a masu saurarenmu da masu karanta mu, musamman ƴan'uwa mazauna Faransa da Italiya, ga bayani a kan tafiya ta jirgin sama tsakanin Paris da Rum, wato Roma. Hanya ce da ƴan Nijar ke bi don ziyara, biki, jinya ko saro kaya. Tsakanin biranen biyu akwai kusan kilomita 1,100, jirgi kuma yana yin awa 2 da ƴan mintoci. Mutum biyu na iya zama kujera kusa da kujera, amma ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya. Ga abin da ke kawo haka.

Filayen jirgi

Paris na da filaye uku da ake tashi daga cikinsu. Charles de Gaulle, wanda ake ce ma Roissy, yana da nisan kusan kilomita 25 daga tsakiyar gari, kuma jirgin ƙasa RER B na zuwa can. Orly ya fi kusa, wajen kilomita 13, kuma tun watan Yuni na 2024 layin metro na 14 yana kaiwa har cikinsa. Na ukun shi ne Beauvais, ana faɗinsa "Bobe". Sunan Paris kawai ya ara, don yana da nisan kusan kilomita 85, sai an shiga bis ta yi fiye da awa guda.

Rum na da biyu: Fiumicino, babban filin, kusan kilomita 30 daga gari, da Ciampino, ƙarami, wanda ya fi kusa. Daga Fiumicino jirgin ƙasa Leonardo Express yana kai mutum tashar Termini cikin minti 32.

Kamfanoni

Air France da ITA Airways su ne manya. ITA ita ce ta maye gurbin Alitalia a watan Oktoba na 2021. Akwai kuma masu rahusa irin su easyJet, Transavia da Ryanair, wadda ke tashi daga Beauvais. Dabararsu ita ce su sayar maka da kujera kawai, duk wani abu da ka ƙara sai ka biya: akwati, zaɓen wurin zama, har ruwan sha cikin jirgi.

Yaushe ake saye

Farashin tikiti ba ya tsayawa wuri guda. Kujerun farko ake sayarwa da araha, jirgi na cika kuɗi na hawa. Da sanyin safiya ake kama fara, saboda haka wanda ya san ranar tafiyarsa ya saya tun da sauran makonni. Watan Yuli da Agusta, da lokacin Kirsimeti da Ista, tsada ke akwai, haka ma yammacin Juma'a da na Lahadi. Tsakiyar mako, da jirgin asuba ko na dare, sau da yawa sun fi sauƙi.

A shafukan Google Flights, Skyscanner ko Kayak ana iya ganin farashin kamfanoni da yawa lokaci guda, har na wata sukutum. In ka ga wanda ya yi maka, ka je shafin kamfanin jirgin kansa ka saya. Ranar da matsala ta taso, da su za ka yi magana kai tsaye, ba ɗan tsakiya.

Araha ba ta ado

Kada ka tsaya ga kuɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe, ka haɗa lissafi duka. Mu ɗauki misali kawai: tikiti daga Beauvais yuro 30, wani daga Orly yuro 65 tare da akwati. In ka ɗora ma na farkon kuɗin bis da na akwati, yana iya wuce na biyun, ga kuma wahalar hanya. Ga ƴan gida masu son su gane lissafin, yuro ɗaya sefa 656 ne, wato yuro 30 ya kusa jikka 20.

A kamfanonin rahusa, abin da ake shiga da shi kyauta ƴar jaka ce wadda za ta shiga ƙarƙashin kujera. Akwatin da aka biya ma kuɗi tun a intanet ya fi arha bisa wanda aka biya a filin jirgi. Haka nan ka yi rajistar shiga jirgi a wayarka kafin ka bar gida, don Ryanair tana cajin kuɗi mai nauyi ga wanda ya bari sai ya iso filin.

Takardu

Faransa da Italiya duka suna cikin yankin Shengen, amma wannan bai ce a tafi hannu rabbana ba. Ɗan Nijar yana bukatar fasfo mai rai, tare da biza ko takardar zama wadda ba ta mutu ba. Mai takardar zama a ɗayan ƙasashen yana iya ziyartar ɗayar har kwana 90 cikin kwana 180. Wannan izinin ziyara ne, ba na aiki ba. Wanda takardunsa ke hannun hukuma ana dubawa, musamman mai neman mafaka, ya tambayi hukumar da ke riƙe da fayil ɗinsa kafin ya fitar da ko dala.

Sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na fasfo, baƙi da baƙi. Mu da ake rubuta suna ɗaya Mahamadou, Mamadou ko Mahaman, nan ne ake yawan tuntuɓe, kuma canja suna kuɗi ne. Tikitin rahusa galibi ba a mayar da kuɗinsa in ka fasa.

Haƙƙinka

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 tana kare fasinja ko wace ƙasa ya fito. A tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, kamar wannan, in jirgi ya sauka da lattin awa 3 ko fiye, ana biyan diyyar yuro 250, kusan jikka 164. Sai dai in abin da ya jawo lattin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar mummunan yanayi. Ka adana tikitinka da takardar shiga jirgi, su ne shaidarka.

Hattara da ƴan damfara

Akwai masu tallan tikiti a WhatsApp da Facebook da farashin da hankali ba ya ɗauka. Hoton tikiti ba tikiti ba ne. Kowane tikiti na gaskiya yana da lambar ajiya, galibi baƙaƙe da lambobi shida. Ka shiga shafin kamfanin, ka sa lambar da bayananka, ka ga tafiyar ta fito kuma an nuna an biya. Iyaye da ke gida, in aka kira ku aka ce ku aika kuɗin jirgin ɗanku da gaggawa, ku fara jin muryarsa tukuna.

Allah ya kai kowa lafiya, ya maido shi lafiya.