Yadda Aka Yi Ta Neman Maganin Rashin Barci

Tun a zamanin da Ibn Sina ya kammala littafinsa Alƙanun fiɗ Ɗibbi, wajen shekarar 1025, malaman ɗibbu na ƙasashen Musulunci sun lissafa barci da farkawa cikin sabubba shida na larura waɗanda lafiyar ɗan Adam ta rataya a kansu, tare da iska, da ci da sha, da motsi da hutu, da fitar abin da jiki ya tara, da halin da zuciya take ciki. Saboda haka idan mai rashin barci ya zo musu, sukan fara bincikar cimarsa da damuwarsa, su umarce shi da wanka da shafa mai, ba su kai hannu ga afyuni sai lamari ya ta'azzara, domin sun san sharrinsa.

Da ilmin haɗa magunguna ya bunƙasa a Jamus, sai aka karkata ga ƙwaya. A 1869 Oscar Liebreich ya gabatar da kuloral a matsayin maganin barci, sa'an nan a 1903 Emil Fischer da Joseph von Mering suka fito da wanda aka sayar da sunan Veronal, mutane suka yi marhabin da shi, har aka fahimci cewa tsakanin adadin da yake sa barci da wanda yake kai mutum kabari tazara kaɗan ce. Mafi munin musibar kuwa ita ce ta Contergan, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957 ba tare da takardar likita ba, mata masu juna biyu suka sha da kwanciyar hankali, aka janye shi a 1961, amma sakamakonsa an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasar hannaye da ƙafafu a ƙasashe dabam-dabam. Valium ya biyo baya a 1963, yana kuma cikin waɗanda matasanmu suke saye a kemis yau, alhali yana kama jiki har ya zama jaraba.

A 2016 wata ƙungiyar likitoci ta Amurka ta ba da shawara cewa gyaran ɗabi'ar kwanciya da tunanin majiyyaci shi ne magani na farko ga rashin barci mai naci, ƙwaya ta biyo baya. A ganina tsofaffin malaman sun fi kusa da daidai. Wanda duk barci ya ƙaurace wa ya rage goro da shayin dare, ya ga likita kafin ya je kemis.