Baƙi da Harsunansu a Jihar Kano

Sunayen unguwanninmu shaida ne cewa Kano ta daɗe tana karɓar baƙi. Ayagi mazaunin Yarabawa ce tun asali, Tudun Nufawa ta Nufawa, Agadasawa kuwa ta mutanen Agadas. A shekarar 1913 aka kafa Sabon Gari, inda har yau ake jin harshen Ibo da Yarabanci. Farin 1973 kuma ya koro Buzaye da dama daga Nijar.

Galibin zuriyarsu Hausa suke yi, amma sababbin zuwa, musamman mata da tsofaffi, kan kasa bayyana ciwonsu a asibiti ko kukansu gaban dagaci. Muna jan hankalin dagatai da masu unguwanni da su nemo tafinta amintacce kafin su yanke wa baƙo hukunci.