Kwana 36 A Masaukin Sarkin Yauri

Akwai wani irin otal da duk matafiyi a Arewa ya sani. Shi ne wanda gwamnati ta gina tun zamanin da kuɗin fetur ke ambaliya, aka yi masa harabar da za a iya sukuwar doki a cikinta, aka dasa mangwaro da dogon yaro, daga nan aka bar shi da Allah. Kana shiga za a nuna maka hoton wani gwamnan soja a bango, a ce maka ai a ɗaki kaza ya kwana, sannan a yanka maka kuɗin da ya ɗara na sabon otal ɗin cikin gari. In ka buɗe famfo sai ka ji yana tari, na'urar sanyaya ɗaki ta riga mu gidan gaskiya tun mulkin Shagari, yaro zai biyo ka da ruwa a bokiti, janareta kuma sha biyun dare za a kashe. Da safe ka biya kana murmushin yaƙe, don ka san suna ka saya. Wasunsu ma ba su samu wannan tsawon rai ba. Otal ɗin Durbar na Kaduna, da aka gina saboda bikin FESTAC na 1977, ya yi shekaru a garƙame kafin a rushe shi a 2020. Na Bagauda kuwa ya koma makarantar horar da lauyoyi.

To, kada mai karatu ya zaci kukan baƙo a kan masauki mai suna da tsada sabon abu ne. Akwai wani irinsa a kan masaukin Sarkin Yauri da aka buga a Landan tun shekarar 1832, cikin littafi mai juzu'i uku. Waɗanda suka rubuta shi kuma sun san kan sana'ar, domin mahaifinsu gidan saukar baƙi yake da shi a garin Truro na ƙasar Ingila. Su ne Richard Lander da ƙanensa John.

Richard ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne yaron Clapperton, Baturen da mutanenmu suka sani da Abdullahi, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827. Shi Richard ɗin Nasara Ƙarami ake kiransa. A 1830 gwamnatin Ingila ta sake turo shi don ya bi kogin Kwara ya ga inda ya ƙare, John kuma ya biyo shi ba tare da albashi ba. Sun sauka Badagiri a watan Maris, suka iso Busa ranar 17 ga Yuni. A nan ne abin ya ɗauki wani salo. Aikinsu ya ce su gangara kudu tare da ruwa, amma sai suka juya kwalekwale suka yi arewa, suna fama da igiyar ruwa da duwatsu, suna ratsa tsibiran Gungawa. Me ya ja su?

Abin da ya ja su shi ne hoton da ke bangon Yauri, wato Mungo Park. Shekara 24 kafin nan, a farkon 1806, Park ya biyo ta Yauri a jirginsa. A nan jagoransa Amadi Fatuma ya sauka, domin iyakar yarjejeniyarsu ke nan. Shi Park bai je ya yi gaisuwa a fada ba. A ruwayar Amadi, ya dai bar kyautar Sarki a hannun wani basarake na bakin ruwa, wannan kuma ya danne ta ya ce ba a ba da kome ba. Abin da ya biyo baya sananne ne, Park ya halaka a duwatsun Busa. Tun daga lokacin ake ta raɗe-raɗin cewa littattafansa da takardunsa suna hannun Sarkin Yauri, har labarin ya kai kunnen Clapperton, tare da gayyata daga Yauri. Richard ya riƙe wannan magana. Duk wanda ya kai takardun Park Ingila ya gama yin suna.

Ranar 27 ga Yuni suka shiga Birnin Yauri, wanda a yau ke cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, muke ce masa Bin Yauri. Gaskiya birnin ya cika musu ido. Sun kiyasta zagayen ganuwarsa tsakanin mil 20 zuwa 30, da ƙofofi takwas. Sun ga ana saƙa, ana ɗinka sirdi, ana haɗa albarushi, ana noman baba da taba da albasa da alkama, ga shinkafa da suka yaba ƙwarai. Aka kai su gidan da aka tanadar musu, aka aiko da abinci daga fada, kuma a daren farko ba su kushe kome ba. Da aka kai su gaban Sarki sai suka iske dattijo mai ƙiba da fara'a, zaune a kan shimfiɗa da matasai hagu da dama. Sai dai 'ya'yan mai otal ba su rasa lura da cewa tsattsewa sun yi sheƙa a wurin sun ɓata shi, kuma ba a share ba.

Maganar takardu ba ta yi nisa ba. Sarki ya ce shi ba shi da su. Abin da aka iya nuna musu shi ne wani takobi da wata bindiga mai baki biyu daga kayan Park, suka ba da tasu bindigar aka ba su wannan. Shi ke nan abin da suka yi wa tattaki. Da otal ne, da sai su tattara jakunkunansu da safe.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin wanda bai san yadda ake saukar baƙo a da ba zai yi wa labarin gurguwar fahimta. Yauri tana kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, saboda haka saukar baƙi tsohuwar sana'a ce a wurin. Ayari ya yada zango, madugu ya je ya yi gaisuwa, falke ya sauka wurin fatomansa. Ba a cewa ga kuɗin ɗaki na kwana ɗaya. Mai masauki yana ba ka ɗaki da tuwo, ya adana maka kaya, ya nemo maka masu saye, ya tsaya maka in an ci bashinka, shi kuma ya ci la'ada da ɗan alheri in za ka tafi. Baƙon sarki kuwa ya fi kowa gata, ya kuma fi kowa ɗauri. Ba ya biyan ko wuri ɗaya, amma ba ya fita gari sai an sallame shi, sallamar kuma tana bakin mutum ɗaya. Muddin akwai sauran abin sha'awa a cikin akwatunanka, ba a gaggawar furta ta.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya, ga damina ta kankama. Gidan da ba a kushe ba a daren farko sai ya fara nuna halinsa. Sun rubuta cewa duhu ne da shi da danshi da wari, ga sauro, ga baƙaƙen tururuwa, ga jemagu na shawagi har suna kaɗa musu fuska. Suka wayi gari suna kallon kansu a matsayin fursunoni. Fada kuma tana ta aikowa a ɗebi kaya da sunan ciniki, a yi kuɗi, a ce za a biya. Duk ranar da suka tayar da maganar tafiya sai a kawo sabon dalili, yau hanya ba lafiya, gobe ana jiran manzo.

Dalilin da ya fi kowane shahara shi ne na jimina. Sarki ya aiko musu da gashin da aka fige daga jikin wata jimina mai rai, ya ce tsaraba ce ga Sarkin Ingila. Amma ai bai dace a aika wa babban sarki ɗan wannan ba, don haka sai su dakata gashin ya sake tsirowa a ƙara. Kuma don ya yi saurin fitowa dole a riƙa shafa wa tsuntsuwar man shanu. Da aka zo lissafi sai Sarki ya cire kuɗin man daga bashin da suke binsa! Ni dai duk lokacin da na ga an rubuta mini wani caji a rasit wanda ban san kansa ba, man jiminar nan nake tunawa. Wani abin dariyar kuma, wanda ba Sarki ba su kansu baƙin ba su sani ba, shi ne Sarki Joji na Huɗu da ake tara wa gashin ya mutu tun ranar 26 ga Yuni, kwana ɗaya kafin su shiga birnin.

Sai dai adalci ya sa a duba akwatunan baƙin su ma. Babban jarinsu allura ce, alhali tafiyar Clapperton ta riga ta cika kasuwannin yankin da allurai har darajarsu ta faɗi. Bayan haka, sai mutane suka fara dawo da waɗanda suka saya suna ƙorafi. Da aka duba, ashe da yawa ba su da kafa. A jikin takardar da aka naɗe su kamfanin Ingila ya yi alkawarin ba za su tsinka zare a kafa ba, kuma su Lander da kansu suka yi wa abin ba'a, cewa lallai an cika alkawari. Ka ga ke nan mai masauki yana sayar da sunan da ba takardu a bayansa, baƙo yana biya da allurar da ba ta ɗinki. Sannan ba su faɗi ainihin inda suka nufa ba tun daga Busa, sun bari ana zaton Barno za su. Gaba da gabanta.

Ni a ganina, abin da Turawan suka karanta a matsayin tsabar kwaɗayi, rabinsa talauci ne na gidan da ya saba da wadata. Yauri ta 1830 tana cikin matsi. Bayan jihadi ta tsira da sarautarta ta hanyar amana da Gwandu, amanar kuma da kuɗi ake riƙe ta. A kudu ƙasar Nufe na cikin yaƙin basasa tsakanin Majiya da Idirisu, Malam Dendo na Raba yana juya su, abin da ya dagula hanyoyin ciniki. A cikin gida kuma Kambarin Ngaski, wurin da su Lander suka rubuta Engarski, sun yi tawaye a daidai wannan lokaci, har an tura musu mayaƙa. Saboda haka in Sarki ya ce hanya ba lafiya, ba duka ne ƙarya ba. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya rubuta The Hausa Factor in West African History, tun a 1968 ya yi nazarin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a kan Yauri ta ƙarni na 19, kuma a matsayin gwamnatin Hausa da ke kan gangara ya kalle ta. Ganuwa tana nan, ƙofofi takwas suna nan, fadawa suna nan kowa da bakinsa, amma abin da ke ciyar da su yana janyewa. Duk manajan tsohon otal ɗin gwamnati da aka bar wa ma'aikata sittin da ɗakuna huɗu masu aiki zai gane wannan hali. Kada kuma a manta, Bature na ƙarshe da ya biyo ta Yauri wucewa ya yi ba sallama, ya bar wa garin zargin jini. Da wuya a bar na biyu ya wuce da sauri.

An sallame su a ƙarshe, suka fita ranar 2 ga Agusta, bayan kwana 36. Amma kafin nan sai da aka rufe lissafi, kuma a nan dariyar labarin take ƙarewa. Sarki ya aiko cewa ba shi da wurin da zai biya sauran bashin, sai dai su karɓi baiwa a madadinsa. Sun rubuta cewa ba da son ransu ba suka karɓa, amma sun karɓa. Suka ba da ita ga tafintansu Pascoe ta zama matarsa. Shi Pascoe ɗin nan Bagobiri ne, sunansa na yanka Abubakar, kuma shi kansa an taɓa sayar da shi bawa kafin jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi a teku. Allah Sarki. An yi shafuka ana kukan sauro da jemage, ita kuwa wadda aka biya kuɗin allura da maɓallai da ita, 'yan layuka kaɗan ta samu.

Daga Yauri suka koma Busa, suka ƙara wasu makonni ana neman kwalekwale, sannan suka gangara. A watan Nuwamba na 1830 suka fita teku ta yankin Brass, aka tabbatar da inda Kwara ta ƙare. Richard ya sake dawowa da jiragen tururi, aka harbe shi a kogin, ya mutu a tsibirin Fernando Po a 1834 yana ɗan shekara 29.

Birnin da ya riƙe su bai daɗe da ƙarfinsa ba. Rikicin gidan sarauta da hare-haren Kwantagora suka kori sarakunan Yauri daga cikin ganuwar har zuwa tsibiri, sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa fada a Yelwa. Hanyar ruwan da su Lander suka hau kuwa, da duwatsun da suka ci Park, da tsohuwar Busa, duk sun nutse bayan an gama madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu. Wanda ya shiga jirgi daga Wara a ranar kasuwa, a samansu yake wucewa.